Maganin Paraku mai shuɗi

Duk Gaya babu wanda bai san Rabo shofer ba, mai kamyon, babbar motar dakon gyaɗa, wanda in ya danna oda a Malanbil sai kajin ƙauyen Bana, can ƙetaren kogi, su fasa yin ƙwai. Lokacin ba a gama gada ba, jirgin fito ke ƙetarar da mota, Nasara kuma na nan da hularsa. Rabo mutumin kirki ne, sai dai mantuwa. An ce ya taɓa isa Paraku kafin ya tuna bai loda gyaɗar ba.

Uwarsa, Inna Asabe mai man kaɗe, gwiwa ta sa ta gaba har ta bar zuwa kasuwa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce Shofer. Sau uku tana aikensa ya sayo mata maganin shafawa a farmasin Paraku, sau uku yana dawowa da goro da haƙuri. A karo na huɗu, sai da jirgi ya kai tsakiyar kogi, ya hango giginyun Gaya, sannan ya tuna bai sayo ba.

Nan cikin mota ya yi aika-aikar. Ya samu gwangwanin facin taya mai rubutun Faransanci, ya goge shi tas, ya cika shi da man kaɗen da ita kanta ta ba shi don faso. Ya zuba shunin da ya sayo wa matarsa, ya ɗiga isans, wato fetur, don wari. Ya kai wa Inna da hannu biyu, ya ce babban lokotoro na asibiti ne ya haɗa, matar kumandan ma shi take shafawa.

Kwana uku tsohuwa ta miƙe. Sati bai cika ba aka gan ta kasuwa da ƙwarya a ka, tana wuce jakai. Ta riƙa lakata wa ƙawayenta, har aka wayi gari rabin tsofaffin Gaya gwiwarsu shuɗiya ce kamar sun durƙusa a marina.

Shi kuwa Rabo tuwo ya daina yi masa daɗi. Duk wanda ya zo sayen mai sai ta ce masa Allah ya ba ta ɗan da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Duk tafiya ta dafa kansa ta sa masa albarka, shi kuma ya ji kamar ya sato ta ne. Shekara uku yana dama shuni a tsakiyar kogi, yana ramewa har wando ya ƙi zama.

Ranar wata ƙaramar Salla, da ya durƙusa neman gafara kamar kowa, sai bakinsa ya kuɓuce. Ya faɗa mata duka, har isans ɗin.

Ta daɗe tana kallon gwiwarta. "Man nawa ne, Shofer?"

"Naki ne, Inna."

"To, na yafe. Kama ni in tashi."

Ta yafe ɗin kuwa, amma gwiwar ba ta yafe ba. Kafin la'asar ta riƙe kamar an sa mata kwaɗo. Ƙanwarsa Safi ta tare shi a zaure, ta ce shi ya sauke kayansa ya ji sanyi, ya ɗora wa tsohuwa. Wa ya tambaye shi?

Wannan karon bai manta ba. Ya je Paraku ya sayo na gaske, fari, cikin kwalba, har da takardarsa. Inna ta buɗe ta shinshina, ta dube shi ta gefen ido.

"Wannan kuma me ka zuba?"

Ta shafa don kada ya ji kunya. Maganin bai yi mata komai ba.

Tun daga nan, in ranar kasuwa ta same shi a gari, sai ya goya ta, Safi na biye da ƙwarya, ya kai ta rumfarta. Masu tsegumi, ban da ni, suka sa masa suna Kamyon Inna. Ya yi shekara shida yana wannan lodin, kuma shi kaɗai ne lodin da bai taɓa mantawa ba. Ƙawayenta kuwa har suka mutu suna aiko masa da gwangwani, don Inna ba ta taɓa faɗa musu ba. Shi ma bai sake gigin faɗa ba. Yana damawa, yana istigfari.