Kaset Ɗin da Ya Tafi Jidda

Malama Luba tana koyarwa a wata firamare a Limawa, cikin Dutse. Abokan aikinta sun san ta da abu ɗaya: ko yara na rera waƙa a filin makaranta, ita bakinta a rufe yake.

Da ba haka take ba. Tana budurwa, a gidansu na Yalwawa, tana da wani kaset na waƙoƙin Indiya da aka ɗaukar mata a kasuwa. Da shi take shara, da shi take wanke-wanke. Idan ya ƙare sai ta zura biro ta mayar da shi baya, don kada batir ya mutu. Ba ta jin yaren, sai ta riƙa sa wa waƙoƙin kalmomin Hausa na kanta. Wata rana da gida ba kowa, ta toshe ramukan kaset ɗin da takarda, ta danna jan maɓalli, ta ɗauki muryarta a ƙarshen gefe na biyu. A cikin waƙar har da sunan Misbahu, telan bakin layinsu, wanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Mahaifinta yana Jidda yana ɗinki tun tana ƙarama. Ba ya rubutu, saƙonsa a kaset yake zuwa ta hannun alhazai. Sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kunna, ya gai da kowa da sunansa, daga babba zuwa ƙarami. Idan ya zo kanta yakan ce, "Lubabatu 'yar boko, a dage da karatu." Wannan 'yar maganar take jira shekara guda.

Wata la'asar aka aiko cewa wani alhaji zai wuce Kano ya hau jirgi, a kawo saƙo yanzu. Babu sabon kaset a gidan. Kakarta Iyatu ta ce a ɗauka a kan kowanne. Yayanta Muntaka ya buɗe rikoda, ya tarar da na Luba a ciki, ramukan ma a toshe, ya ce an rage masa aiki.

Luba tana zaune, kawunta, ƙanin mahaifinta, yana gefe. Idan ta ce a'a, za a tambaye ta dalili. Ta bar Muntaka ya danna jan maɓalli. Aka ɗauki gaisuwa a gefe na farko, ita ma ta yi tata da murya ƙasa-ƙasa. Ta riƙa gaya wa kanta cewa Baba ba zai juya kaset ɗin ba.

Bayan aikin hajji amsa ta iso. Har maƙwabta sun shigo saurare. Baba ya gai da Iyatu, ya gai da ƙaninsa, ya tambayi damina da awaki. Sannan ya ce, "Muntaka, nan gaba ka saurari kaset gefe biyu kafin ka aiko. Mu da yawa ne a ɗakinmu, har da mutanen Taura aka ji." Daga nan ya tsallaka kan ƙannen Luba.

Iyatu ta ce injin ne ya haɗiye sunan yarinyar, a mayar baya. Muntaka ya mayar. Aka sake saurare, ba sunan Luba a ciki.

"To ke, me kika yi wa ubanki?" in ji Iyatu.

Luba ta ce ba ta sani ba, ta tashi ta shiga madafa ta tsaya a gaban murhun da ba wuta.

Baba bai faɗa wa kowa a gida abin da ya ji ba, bai kuma hana ta karatu ba. Amma a duk kaset ɗin da ya biyo baya, sai ya ce "da sauran yara". Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, ƙawayenta a kwaleji suna ta ɓoye kasakasansu a ƙasan akwati. Ita ba ta da abin ɓoyewa.

A shekarun nan ne Baba ya dawo gida gaba ɗaya, gemunsa ya yi fari. Luba ta bari sai da baƙi suka ragu, sannan ta shiga ta durƙusa daga bakin ƙofa. Akwai wani dattijo kusa da shi, Alhaji Ɗanmusa na Taura, abokin zamansa a Jidda. Da ta yi gaisuwa, dattijon ya karkata kunne, ya yi murmushi.

"Ai na san muryar nan. Ina labarin Misbahu?"

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Kin girma," ya ce. "An gama karatun?"

"An gama, Baba."

"Madalla."

Ta ɗan ƙara jira a durƙushe, ko zai kira sunanta. Sai ƙaninta ya leƙo, Baba ya ce, "Abdulrauf, shigo mana."