Ranar da Oga ya yi wa bebe fassara

Har gobe ban manta da ranar da Oga Alhaji Sani ya kusa jawo mana asarar babban kwastoma ba. Lokacin ina tafinta a ofishinmu na kago, wato aika kaya gida, da ke titin Huanshi Lu. Ƙa'idarmu ita ce ba ma karɓar kaya sai mai sayarwa ya turo bidiyon gwaji, Oga ya duba da kansa.

Wani likita a Kano, mai tara tsofaffin finafinai, ya sa mu karɓo masa faifan majigi wajen wani tsoho a unguwar Panyu mai suna Lao Chen. Fim ne na soyayya da barkwanci, ya kusa shekara ɗari. Tsohon ya turo gwaji. Oga, wanda ya tsufa a cinikin lasifika, ya ƙure ƙarar waya, shiru. Nan take ya sa aka rubuta wa tsohon cewa kayansa lalatacce ne.

Da likita ya ji, kamar ya yi kuka. Ya ce finafinan zamanin dama ba su da murya, yawancinsu sun ƙone ko sun ruɓe, samun irin wannan sai an sha wuya. In ya kuɓuce, shi da mu har abada.

Muka hau jirgin ƙasa sai Panyu. Lao Chen ya tare ƙofa, ya ce, "Meiyou," wato babu. Na yi ta magiya, da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗin sai Oga ya zauna ya kalli abin da ya raina.

Aka kunna majigi. Wani saurayi ya ɓuya a kwandon wanki don ya ga budurwa, uban yarinyar ya zauna a kai. Oga ya kasa jure shirun, ya fara sa musu murya irin ta masu fassarar fim a gida: "Baba, ɗaga mini, soyayya ce ta kawo ni!"

Na yi dariya har da hawaye. Tsohon bai san Hausa ko ta sisi ba, amma ya ƙura wa Oga ido. Ya ce in gaya wa Oga, shi ma aikin kakansa ke nan, tsayawa gefen allo yana ba 'yan kallo labari, kuma tun rasuwarsa ba wanda ya sake yi wa fim ɗin nan magana.

Ya naɗe faifan da hannunsa ya ba mu. Tun daga ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata su tambayi yadda aka yi kaya kafin su ce ya lalace. Oga kuwa, har yau cewa yake shi ya gyara fim ɗin.