Bidiyon da Ban Yanke Ba a Xintang

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Guangzhou ta ƙasar Sin waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da na je ɗaukar bidiyon wandunan jins a garin Xintang da ke kusa ba ta cikinsu. Wannan ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin har yau akwai masu ajiye da bidiyon a wayoyinsu.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Aikina a lokacin shi ne duba wa 'yan kasuwar gida kaya. Mutum yana Kano zai ce ga abin da yake so, ni kuma in je inda ake ɗinkawa in gani da idona, in ɗauka a waya in tura masa, in ya gamsu kaya su hau jirgin ruwa. Ina da ɗan ofis a ginin Tianxiu, kuma ina da ƙa'ida guda da aka san ni da ita: ba na yanke bidiyo. Daga ƙofar gini nake kunna kamara, in hau bene da ita, in shiga, in buɗe kwali, in juya wando ciki da waje, in ja zif, in nuna ɗinki, sannan in kashe. Duk wanda ya san harkar ya san cewa inda aka yanke bidiyo, a nan ake sauya kaya.

A wannan makon na samu sabon mai sayayya, wani Alhaji babba a Kantin Kwari, irin wanda in ya yarda da kai layinsu gaba ɗaya ya yarda da kai, in ya juya maka baya kuma sai ka nemi wata sana'a. An taɓa turo masa bidiyo mai kyau, an gyara shi tsaf, kwantena ta iso da wanduna ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Saboda haka ya gaya mini tun a waya cewa wannan aikin gwaji ne, kuma in ya ga an yanke ko da ƙiftawar ido ce, mun rabu. Na ce masa, ranka ya daɗe, ai ka zo gidan ƙa'ida.

Ana gobe zan tafi, aka wuni ana ruwa, kasuwa ta mutu. Maƙwabcina a ofis wani ɗan Maraɗi ne, mutumin kirki amma ba shi da tsari ko kaɗan, yakan ci abinci a kan takardun kaya. Da rana tsaka ya kira ni mu ci shinkafa, na tarar ya jingina waya da kwalbar ruwa yana kallon fim. Ya ce fim ɗin tsoro ne na masu jin Sifaniyanci, irin wanda ake yi kamar ba fim ba, kamar wani ne ya ɗauka da hannunsa ya mutu, daga baya aka tsinci kamarar. Ya ce ya kalli na ƙasashe da yawa, amma na waɗannan mutanen ne kawai ke hana shi cin abinci. Yana faɗa yana ci.

Na zauna ne don shinkafar. Labarin wani mutum ne da ya je ɗaukar tsohon gidan kakarsa don ya tura wa mai saye, yana bi ɗaki ɗaki yana bayani. Hoton na rawa, haske bai isa ba, babu kiɗa ko kaɗan. Maganarsu kuwa kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ɗan Maraɗi yana karanta fassarar Faransanci a ƙasa yana juya mini rabi, rabin kuma ya ce ba sai na ji ba.

Na ce masa wannan ai ba fim ba ne, rashin iya aiki ne. Na farko, mai kamarar bai nuna ƙofar gida daga waje ba. Na biyu, hannunsa ba ya tsayawa. Na uku, mutum mai hankali in ya ga abin tsoro ai jefar da kamara zai yi ya gudu, ba ya tsaya yana ɗauka ba. Kuma da mutumin ya fara ihu yana kiran uwarsa, ƙato da gemu, na yi dariya har na ƙware.

Ɗan Maraɗi ya ajiye cokali. "Malam, kai ba ka gane ba. A sauran finafinai kiɗa ke gaya maka ga abu nan tafe, sai ka shirya. Nan ba mai gaya maka. Kuma ba a yankewa, inda ya je dole ka je, abin da ke bayansa ba ka gani har sai ya juya."

Ya ƙara da cewa mutanen ma kamar mu suke, gida cike da tsofaffi, bango cike da kayan addini, in abu ya taso kowa na ambaton Allah da ƙarfi, shi ya sa abin ke shiga jiki. Na ce jikinsa dai. Amma gaskiya akwai wuri ɗaya da na daina taunawa. Mutumin ya wuce wata ƙofa a rufe, ya je ya dawo, ƙofar tana buɗe, shi kuma bai lura ba, yana ta bayanin fenti. Ba a nuna komai ba. Numfashinsa kawai ake ji, kuma numfashi ba ya bukatar fassara.

Washegari na kama hanyar Xintang. Mai wurin, wanda muke kira lawban kamar yadda ake kiran duk wani maigida a can, ya ce in zo bayan azahar, motar da za ta kai kaya tashar jirgin ruwa ta Nansha za ta iso a lokacin. Ni kuma ba na son latti, don haka na riga lokaci sosai. Wurin ɗinkin yana can saman wani tsohon gini a cikin lungu, ba lif, benen kuma babu taga ko ɗaya. Na taɓa zuwa, amma kullum tare da ma'aikata, kuma na lura da wata ɗabi'a tasu da na tsana: in suna hawa bene sai su riƙa buga ƙafa suna kakin tari da ƙarfi. Na sa wannan a cikin rashin tarbiyya na wuce.

Na kunna kamara a waje, na yi sallama ga Alhaji, na nuna ƙofa, na shiga. Ƙofar ƙarfen ta rufe da ƙara, fitilar bene ta kama. Na fara hawa ina bayani. Ban yi nisa ba sai na lura ginin shiru yake, babu ƙarar keken ɗinki ko ɗaya, alhali wurin da ake ɗinka jins ko daga titi ana jin sa. Sai na ji muryata ita kaɗai a cikin bene, ina cewa ga mataki, ga bango, kuma na tuna wanda na ji yana irin wannan bayanin jiya. Na yi shiru. Na rage taku, ina ɗora ƙafa a hankali.

Fitila ta mutu.

Duhun ya kai in ka ɗaga hannu ba ka ganin sa. Wayata kuwa irin wadda ba ta kunna tocila sai an tsayar da ɗauka ce, in na tsayar kuma na yanke. A nan na samu amsar tambayata ta uku, ta dalilin da ke hana mai kamara jefar da ita. Na ce a'uzu billahi da ƙarfi. Fitila ta kama.

Na tsaya ina kallon ta. Na ci gaba da hawa shiru, ta sake mutuwa. Na sake neman tsari, ta sake kamawa. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na gwada har na tabbatar, kuma sakamakon bai canza ba: in na yi shiru duhu, in na ambaci Allah haske. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. Na yanke hukunci cewa akwai abin da ke zaune a benen nan, kuma karatu ne kawai ke tura shi baya. Haka na ƙarasa hawa ina karanto duk abin da na haddace tun ina yaro da muryar mai kiran salla, ina tsakuro wa Alhaji bayani a tsakani, cewa ranka ya daɗe mun kusa.

Ƙofar wurin ɗinkin a buɗe take. Ban so hakan ba. An ja labule an kashe fitilu, sai ɗan haske mai launin toka. Abin da na fara gani ƙafafu ne, ƙafafun mutane daga ƙugu zuwa ƙasa, ba kai ba ƙirji, a jere a jikin bango. Na san gumakan tallan wando ne, na gan su sau da yawa, amma sanin bai taimake ni ba. Da idona ya saba sai na ga mutane kwance a kan tarin jins, nan ɗaya can ɗaya, wani ya kifa ciki, wani baki buɗe, ba mai motsi. Wani hannu ya saƙalo daga kan tebur, shuɗi har wuyan hannu.

Sai tarin da ke kusa da ni ya motsa. Wata tsohuwa ta tashi zaune daga cikinsa, gashi a barbaje, hannuwa shuɗaye, almakashi a hannun dama. Ta dube ni, ta miƙe, ta nufo ni tana jan silifa tana faɗin wani abu ƙasa-ƙasa.

"Wayyo Inna!"

Ni ne na faɗa. Da gemuna. Na juya na afka bene, fitila ta riga ta mutu, na zame na sauka hawa guda a kan mazaunaina, takalmi ɗaya ya riga ni isa ƙasa. Ƙarar faɗuwata ta kunna fitilar, amma a lokacin ban haɗa biyu da biyu ba. Abin da zan faɗa don kare kaina shi ne wayar ba ta bar hannuna ba, kuma ba ta daina ɗauka ba.

Ina zaune a nan fitila ta sake mutuwa, sai na ji taku daga sama. Wani ya yi kakin tari mai ƙarfi, haske ya kama, ga lawban da singileti yana mutsuke ido. Ya dube ni, ya dubi fitila, ya jira ta mutu, ya buga ƙafa, ta kama. Ya sake jira, ya tafa hannu, ta kama. Fitilar sauti take ji, kowane irin sauti, don a rage shan wuta. Ita dai ba ta bambanta karatuna da tarin lawban ba. Ma'aikatan kuwa barcin rana suke yi kamar yadda suka saba bayan cin abinci, shuɗin hannu na rinin jins ne, tsohuwar kuma mai yanke zaren da ya saura a jikin wando ce. Tasowa ta yi don ta ba ni kujera.

Na tashi na koma da takalmi ɗaya. Aka kunna fitilu, na buɗe kwali, na juya wando, na ja zif, na nuna ɗinki, ban tsallake komai ba. Kaya sun yi kyau ƙwarai. Tsohuwar ta riƙe mini ƙafar wando ina aunawa, kafaɗunta na girgiza don dariya. Sannan na kashe kamara. Mota ta iso, aka loda, ta kama hanyar Nansha.

Sai a hanyar komawa na kalli abin da na ɗauka. Na kira lawban ko za a iya sakewa, ya ce meyo, wato babu, kaya sun tafi. Da na isa ofis na nuna wa ɗan Maraɗi. Ya kalla har ƙarshe, ya fita waje ya daɗe, ya dawo ido jawur don dariya. Ya ce ya kalli na Sifaniyawa da yawa amma bai taɓa ganin wanda jarumin ke tsayawa cikin duhu ya ce ranka ya daɗe ba. Daga nan ya tausaya mini, ya ce zai cire tsakiyar da kyau yadda ba mai ganewa.

Na yi tunani sosai. In na yanke, mutuncina ya tsira, amma Alhaji ba yaro ba ne, zai ga na shiga bene da takalmi biyu na fito da ɗaya. In ban yanke ba, babban ɗan kasuwa zai ji wanda ya damƙa wa kayansa yana kiran uwarsa saboda tsohuwa mai almakashi. Na rufe ido na tura shi yadda yake.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Da ta zo, saƙon murya ne, farkonsa duk tari ne da hayaniyar mutane a baya, alamar ba shi kaɗai ya kalla ba. Sannan ya ce, "Malam, a sa kaya a jirgi. Wanda ya iya turo mini wannan bai cire komai ba, ba zai ɓoye mini ɗinki ba. Amma ka gaishe mini da Inna."

Layinsu gaba ɗaya suka dawo wurina, kuma kowanne in ya kira sai ya fara tambayar lafiyar fitila.

Abin da na koya shi ne, abin da ke sa irin finafinan nan su shiga jikin mutum shi ne dai abin da ke sa a yarda da bidiyona: hannu na rawa, ba kiɗa, ba a cire komai ba, don haka ido ya ɗauka gaskiya ce. Na kuma daina yi wa mai kamara dariya, na daina kiran abin da ban gane ba rashin tarbiyya. Har yau in zan hau bene mai duhu sai na yi a'uzu billahi, sannan in yi tari mai ƙarfi, a jere haka, don ban san wanne daga ciki wurin ke bukata ba.