Macijin Tagulla a Akwatin Baba

Ranar wata Talata a watan Rajab, ina aji biyar a makarantar 'yan mata a unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, Abla, malamarmu ta tauhidi, ta tsayar da darasi ta zuba mini ido. Labarin ɗan maraƙin da Bani Isra'ila suka bauta wa take ba mu, ni kuma na ɗaga hannu na ce ai ba shi kaɗai ba ne. Na ce akwai macijin tagulla da suka daɗe suna ƙona wa turare har wani sarkinsu ya farfasa shi, akwai kuma gunkin wata allahiya da suka kafa a cikin ɗakin ibadarsu. Ta tambaye ni inda na ji, na ce a littafinsu na karanta, a gidanmu.

Baba ɗalibi ne a jami'a a lokacin, yana bincike kan yadda shirka ta riƙa kutsawa cikin addinin Bani Isra'ila, da la'asar kuma yana sayar da tasbaha da dardumomi a unguwar Tandabawi. Aikina ne share ɗakinsa in na gama wanke-wanke da shanya a saman rufi, a nan na ga littafin, baƙi, da Larabci, a akwatin ƙarƙashin gado. Tun daga ranar na bar wa ƙannena carafke da tsallen igiya, sai in turo ƙofa in zauna da tsintsiya a hannu ina karantawa.

Ranar Talatar nan, da takardar kiran Baba na koma gida. Umma ta karanta a tsaye, ta zauna, don wata guda ya rage a sabunta mana iƙama, takardar izinin zamanmu a ƙasar, kuma magana irin wannan in ta kai kunnen kafilinmu, ɗan ƙasar da ya tsaya mana, ba a san inda za ta tsaya ba. Kakata ta ce a ƙona littafin kafin magariba, Baba ya ce na jami'a ne, amana ce. Kwana uku maƙwabciyarmu ba ta bar 'yarta ta shigo mana ba.

Namiji ba ya shiga makarantar mata, saboda haka a ɗakin mai gadi Baba ya tsaya cikin rana, yana magana da shugabar makaranta ta waya, ni ina tsaye a gabanta. An miƙo takardar malamin da ke duba bincikensa, ta karanta sau biyu, sannan ta ce in koma aji.

A hanya ina jiran faɗa, sai ya ce, "Ba ƙarya kika yi ba, Maryam. Annabawa aka aiko musu, kuma suka zame. Shi ya sa nake karantawa, don in ji tsoro." Washegari ya mayar da littafin, bai ƙara kawo shi gida ba.

Yau an rushe gidan, Baba ya rasu. 'Yata tana samun duk wannan a wayarta cikin minti ɗaya, ta zo ta tambaye ni da Larabci, ba ko ɗar. Ni ce har yanzu nake rage murya kafin in ba ta amsa.