Layi Ɗaya da Na Kasa Tambaya

A shekarun tsuke bakin aljihu, bayan sojoji sun kori farar hula, ni mai buga tafireta ne a wani ofishin ilimi a Bodinga. Da aka kawo mana kwamfuta, ni aka tura Sakkwato kwas na mako biyu. Na dawo kaina ya kumbura, har masinja na kira na Injiniya. Ni kaɗai ke da makullin ɗakinta.

Wata Litinin iyayi ya sa na kwashe manhajar buga takardu na mayar da ita sabon wuri, wai ina gyara. Da na rubuta umarnin bugawa, sai na'urar ta ce ba ta san shi ba. A cikinta kuwa akwai sunayen yaran Sifawa, Danchadi da Kajiji masu jarabawar shiga sakandare, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓa a Sakkwato. Takardun hannu tuni na mayar wa hedimastoci, don na ce an daina wannan yayin.

Kwana uku ina kulle kaina a ɗakin nan, ina maimaita umarni ɗaya, gumi na zuba. Lokacin ana ta rage ma'aikata, na tabbata in na ce ban sani ba, sunana ne a gaba. Maigidana na ofis ya tambaya, na ce zafi ne ya taɓa na'urar. Tsoro da kunya suka riƙe ni.

Sai ranar Alhamis na hau babur zuwa Shagari, wurin wata malamar lissafi da ta karanci na'ura. Ta ce kwamfuta kamar ɗan aike take, gidajen da aka lissafa mata kawai take leƙawa; na sauya wa manhajar gida ban gaya mata ba. Ta rubuta mini layi ɗaya in ƙara a jerin wuraren da take dubawa. Na dawo na ƙara, nan take ta soma bugawa. Amma kafin in isa Sakkwato an tashi daga ofis, aka ce sai baɗi.

Bayan mako guda wani makiyayi daga Kajiji, wanda 'yarsa ke cikin jerin, ya zo ya yi mini godiya, ya ce ya ji irin wahalar da na sha da injin. Na karɓi godiyar. Yarinyar ba ta sake samun damar zama jarabawar ba.

Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa aikin jama'a, in abu ya shige maka duhu ka tambaya tun ranar farko. Ni aikina ya tsira har na yi ritaya, kuma har yau ba na iya bin hanyar Kajiji.