Ƙafafun da Suka Taka Lakar Rumbunanmu

Da an idar da sallar asuba, Baba Badaru na ƙauyenmu, gefen Makoda, yakan naɗe wando ya shiga laka. Yana takawa yana zuba ramno, busasshiyar ciyawar nan da ake daddatsawa, har ƙasa da ciyawa su kama juna. Sai ya rufe kwaɓin ya bar shi ya kwan biyu. Mai gaggawa ba ya shiri da Baba. Da haka ya gina rumbunan unguwarmu tun ina yawo ba wando.

Ku tambayi Jemima, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Babban ɗanta Abel ya zo daga Kano, tausayin uwa ya sa ya yaɓe mata rumbu da siminti. Baba ya shafa bangon ya ce, "Ɗana, ka toshe masa hanci. Laka numfashi take yi. Danshi zai hau ta ƙasa ya rasa mafita, ramno ya ruɓe a ciki." To, aikin gama ya gama.

A damina ta biyu aka yi ruwa da ƙanƙara. Siminti ya tsattsage, ruwan sanyi ya shige, bangon ya buɗe kamar tsohon kwando. Geron da za su ci har kaka ke nan a cikin ruwa. Baba bai ce ai na faɗa ba. Ya kwashe abin da ya tsira zuwa nasa rumbun, ruwa na ɗaukewa ya gina mata sabo, gwiwoyinsa a kumbure. Daga ranar bai sake shiga laka ba.

Baba, kai ne ka riƙe mana abinci, ba ka tambayar mai gida masallaci yake zuwa ko coci. Mun gode, Allah Ya saka maka. Abin da ke ci mini rai shi ne duk shekarun nan ba wanda ya tsaya ya koya a hannunka.

Samari, bakinsa na nan ko da ƙafa ta ƙi, ku je. Jiya na tarar da shi zaune, an kwaɓa masa laka a gaba, yana murza ta da yatsu. Ya ce mini, "Ta nuna, Malam. Mai takawa ne babu."