Sati Ukun da Baba Ibrah Ya Jira

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal ba, ko gaisuwa ce a cikin taro sai muryata ta shige. Kuma mutumin da zan yaba, na yi wata biyar ba na gaishe shi.

Sunansa Malam Ibrah, mutanen Filinge na ce masa Baba Ibrah. Shekara goma sha huɗu ke nan, da an sallame Asuba yake buɗe rumfarsa ta bayan kasuwa. Sai ya jiƙa buhu da ruwan randa ya rataya a taga, ya gyara wa tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, zama kan bulo huɗu don iska ta shiga ta ƙasa. Aikinsa buga wasiƙu da fotokofi. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya sa shi: duk takardar haihuwa ko katin shaida da aka kawo masa, sai ya ɗauki hoto ya ajiye a cikin na'urar. Ya san yadda muke ajiya a ƙauye, cikin kwalla, a ƙarƙashin gado.

Ya kuma san matan yankinmu na Kurfai ba sa faɗin sunan miji. Ranar da mace za ta dawo ba takarda a hannu, da wane suna za ta nema? Shi ya sa yake tambaya, idonsa a ƙasa, "Ke mi kike kiranshi?" Abin da ta faɗa, shi yake rubutawa. Innata ta ce, "Mai Rijiya." Haka babana ya shiga na'urar.

Da 'yan bindiga masu babura suka fara ƙone ƙauyuka ta wajen Abala, mutane suka riƙa isowa Filinge da tufafin jikinsu kaɗai. Safi mai shayi, maƙwabcin rumfar, ya ga wata mata, Lailatu, ta ce "Dogo" kawai, takardun 'ya'yanta biyar suka fito. Ya ce a ƙasa ta zauna tana kuka.

Sai na'urar ta fara gajiya. Da bazara, kullum kafin hantsi sai ta ɗauke. Duk lokacin da ya yi ƙoƙarin kwashe ajiyar zuwa kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, sai ta ɗauke a tsakiya. Baba Ibrah ya sayar da sa ɗaya da yake da shi, ya kira Yazid a waya, ɗan ƙanwarsa da ke Yamai, ya nemo masa sabuwa. Safi na jin su.

"Kawu, kar ka saya yanzu," in ji Yazid. "Sabuwar ƙwaƙwalwar ordinatar na nan fitowa, furosesar ake ce mata. Ta fi ta kasuwa sauri nesa. Wata uku kaɗai."

"Yazidu, ni ba tsere nike yi ba."

"Kawu, sa guda gare ka. Sau ɗaya za ka saya. Ka sayi wadda za ta kai ka shekara goma."

Yazid bai yi ƙarya ba, kuma don ƙauna ya faɗa. Baba Ibrah ya dubi buhun da ke ɗiga a taga, ya ce zai ƙara masa ruwa ya jira.

A cikin wannan jiran aka ƙone Garin Baƙo, ƙauyenmu. An kashe babana a bakin rijiyar da ya haƙa. Sati uku bayan waccan wayar muka tsaya gaban rumfar, ni da Inna da ƙanwata Latifa, wadda dosiyenta na jarrabawa ke jiran takardar haihuwa. Baba Ibrah ya yi mana ta'aziyya, ya buga "Mai Rijiya". Muka ji ƙauri. Gilashin na'urar ya yi baƙi.

A ranar ya naɗe na'urar cikin bargo ya hau mota zuwa Yamai, a hanyar da kowa ke tsoro. Ya sayi wadda ya tarar a kanti. Mai gyara ya ceto yawancin ajiyar, amma ta ƙauyuka huɗu ta tafi. Garin Baƙo na ciki, da katin babana, hotonsa ɗaya tak a duniya.

Da ya ce laifin wutar lantarki ne, ko zafi, kowa zai yarda. Sai ya tako har bukkokinmu na 'yan gudun hijira, ya durƙusa gaban mata, tsoho da furfura. Ya ce, "Na ga tana mutuwa, ina da halin canza ta, na jira wadda ta fi. Ni na ɓatar muku. Ku gafarce ni."

Inna ta ce, "Allah ya yafe mu duka, Malam." Ni na juya baya.

Latifa ba ta yi jarrabawa ba a shekarar. Shi kuwa wata biyar ya yi yana rufe rumfa da azahar, yana bin bukka bukka neman shaidu, yana kai su kotu da meri, ofishin magajin gari, har aka sake wa yara sama da ɗari takardu. Ta Latifa na cikin na farko. Hoton babana bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba.

Baba Ibrah, kai ne ma'ajin waɗanda ba su da ɗaki. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya ka kawo shi da ƙafarka gaban waɗanda ya shafa. Na gode, a madadina da Latifa. Duk wanda aka ba amanar mutane, ya duba hannunsa yau: in abin da ke riƙe da ita na rawa, ya canza da wanda ya samu, kada ya jira mafi kyau.

Da na kai nan, na je da la'asar na karanta masa. Ya ce, "Ɗiyata, cire yabon, ki bar sati ukun." Na ce ba zan cire ba. Sai ya nuna mini sabuwar na'urar. A ƙarƙashin Garin Baƙo akwai layi ɗaya da ya buɗe, "Mai Rijiya", ba komai a gabansa. Ya ce idanunsa sun fara dushewa, kuma har yau ya kasa tambayar Inna izinin rubuta sunan babana a wurin.

Washegari da safe na jiƙa masa buhun, na rataya a taga, na zauna a kujerarsa. Inna ta tsaya a bayana ta rufe baki da gyale. Da yatsa ɗaya na nemo haruffan, na rubuta Abdurrahman, sannan na karanta da ƙarfi don ta ji.